Takalman Shigeko a Bakin Kogi

Nagoya, 14 ga Afrilu, 1974

Yaya Fusae,

Furannin bishiyar sakura sun gama zuba a nan, amma na san ku can cikin duwatsu yanzu ma suke shirin buɗewa. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigida da 'yarki Mikiko, da surukarki in ta yarda a gaishe ta. Yaya ciwon bayan nan naki? Ni lafiyata lau, har ƙiba na yi, in kin gan ni sai kin yi dariya.

Roƙo ne ya kawo takardar nan, gara in faɗa tun yanzu. Kin san tun da aurena ya mutu na koma aikin ofis a masaƙa, ranar Lahadi ce kaɗai tawa. Shekara biyu ke nan nake fita tattaki. In hau jirgin safe in sauka inda gidaje suka ƙare, in yi ta tafiya tsakanin gonaki har yamma. Kada ki tambaye ni abin da nake nema, ba na neman komai.

Da farko da ƙungiyar tattaki ta masaƙa nake fita, maza goma sha huɗu, mata uku. Ke dai bari. Mu ne masu ɗaukar butar shayi, mu ne masu dunƙula shinkafa tun da asuba, in an tsaya hutu mazan su baje taswira suna nuna duwatsu da yatsa, mu muna hura wuta. Wannan duk da sauƙi. Namiji in fitsari ya kama shi, juya baya kawai zai yi ga bishiya, ya dawo yana ci gaba da hirarsa. Mu kuwa ba ma shan ruwa tun safe, leɓe ya bushe, kai ya yi ta sara, don kada mu buƙaci zagayawa. Ranar da wata abokiyar aikina ta kasa daurewa, shugaban sashenmu ya ce ta je, shi zai tsaya mata gadi, sauran suka bushe da dariya. Ba ta sake zuwa ba, ni ma daga ranar na ce na gode.

Yanzu ni kaɗai nake fita. Takalmin ma sai da na zaga kantuna huɗu, babu na mata, na sayi mafi ƙanƙanta na maza, ina sa safa biyu in cusa auduga a gaba.

Ga abin da nake so. A watan Oktoba ina son in bi tsohuwar hanyar nan ta kwarin Kiso da ƙafa, kwana uku, wadda ta ratsa ta ƙauyenku ta haye dutse. Na rubuta wa masauki uku. Duka suna da ɗaki, har sai da suka gane mace ce ita kaɗai, sai ɗakin ya ɓace. Ɗaya ma tambayata ya yi ko maigidana zai biyo baya. To na tuna mai masaukin gindin dutse gwaggon maigidanki ce. Ki je ki ce mata ni ƙanwarki ce, ina da hankalina, ina da aikina, wurin kwana kawai nake nema.

Sai abu ɗaya, kuma da gaske nake. Kada yayanmu Tadao ya ji. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye yake neman hanyar da zai dawo da ni gida in yi jinya, wai matarsa ta gaji, ni kuma ba miji ba ɗa, zaman me nake yi a birni. Hatiminsa ne a kan takardar hayar ɗakina, shi ya tsaya mini, kin sani. In ya ji ina yawo a daji ya sami abin da yake nema. Ɗakin nan ƙarami ne, bangonsa yana tsattsafo, amma ni nake kulle shi ni nake buɗewa.

Ƙanwarki,
Shigeko

Hinokidani, 20 ga Yuni, 1974

Shige,

Ruwa ya sauka, kwana tara ba mu ga rana ba, wanki ya ƙi bushewa. Muna nan lafiya. Bayana yana nan inda kika san shi. Mikiko tana gaishe ki, an sa ranarta watan Maris mai zuwa. Ki yi haƙuri da jinkiri, takardarki ta iso muna shirin dashen shinkafa, na soke ta bayan agogo, sai yau na sami zama.

Wai tattaki. Ni da nake tafe tun asuba daga madafa zuwa gona, daga gona zuwa rumbu, ashe nishaɗi nake yi ban sani ba. Mutanen birni ba ku da dama. Muna ganinsu nan ranar Lahadi da jakunkuna a baya, suna tsayawa suna ɗaukar hoton takin da muka tara. Surukata tana ce musu marasa aikin yi, ban gaya mata akwai irinsu a danginmu ba.

Na je wurin gwaggo kamar yadda kika ce, har da ƙwai na kai mata. Ta karɓi ƙwan, ta ƙi maganar. Cewa ta yi, "Fusae, ko 'yar cikina ce ba ta kwana a gidan nan ita kaɗai." Ke ba ki san abin da ya faru ba. Shekara huɗu da suka wuce wata mata daga Osaka ta sauka wurinta, mai ladabi, mai tsafta, ta ci abincinta tas, da safe ta naɗe shimfiɗa ta yi godiya. Da hantsi aka ga takalmanta a kan gada, a jere, bakinsu ɗaya. Ba sai na gaya miki abin da wannan ke nufi ba, wanda zai bar duniya da kansa ba ya tafiya da takalmi. Aka kaɗa ƙararrawa, mazan gari suka kwana uku suna lalube cikin kogi, maigidana yana cikinsu, shi ya fara taɓa ta da gora. Har yau ba ya cin kifin kogin nan. Masaukin kuwa shekara guda ba wanda ya kwana ciki. To ki gaya mini da wane baki zan matsa mata.

In dai zuwan ne ki zo ki kwana nan gidanmu. Na ce wa surukata ziyara za ki kawo, ta ce to, da irin "to" ɗin nan nata. Amma ki hau mota kamar kowa, tana tsayawa ƙofar makaranta sau uku a rana.

Ban gaya wa Yaya Tadao ba. Amma Shige, ki faɗa mini gaskiya, ƙalau kike kuwa? Mace mai shekara arba'in da ɗaya ta riƙa bin daji ita kaɗai, ba ziyarar kabari ba, ba neman ganye ba. Na ji tsohon mijinki matarsa ta haifa masa ɗa namiji a watan Fabrairu. Na ce gara ki ji daga bakina, in ma ba ki riga kin ji ba.

Yayarki,
Fusae

Nagoya, 4 ga Agusta, 1974

Yaya,

Zafin Nagoya bana ba a magana, ko kwanciya aka yi gumi ake. Ina fata ku kuna samun iska. Ina taya ki murnar Mikiko, yarinyar da na goya jiya jiya.

An haifa masa ɗa? To madalla, ya rayu. Ni ko a jikina, Yaya. Tun Maris na ji, na ci abincina na ƙoshi ranar. Ku ne kuke riƙe da mutumin nan a rai, ni na ajiye shi tuntuni.

Matar Osaka kuwa na tausaya mata. Amma don ita ta mutu sai a hana duk matan ƙasar nan wurin kwana? Maza nawa suka faɗa kogi, an daina ba maza ɗaki ne? Bar shi kawai. Na rage tafiyar ta koma kwana biyu. Ranar Asabar goma sha biyu ga Oktoba zan sauka daga jirgin safe in taho da ƙafa, in iso wurinku kafin rana ta faɗi, kashegari in haye dutse in kama jirgi ta wancan ɓangaren. Mota kuma ki bar wa surukarki ta hau.

Ba zan zo gida bikin tunawa da magabata ba bana, ina tara kwanakin hutuna. Ki kunna wa Inna turare a madadina. In Yaya Tadao ya tambaya ki ce aiki ne.

Ga kimonon Inna nan, rigunanta na biki, na aiko a wani ƙunshi daban, mai ruwan toka da wanda ta sa ranar bikinki. Ki ba Mikiko. Danshin ɗakina zai lalata su, ni kuma ba inda zan sa su. Kuma kada ki firgita in kin gan ni, na yanke gashina, gajere ƙwarai. In mutum ya wuni yana tafiya gashin nan sai ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma a wuya.

Kin tambaye ni me ya sa. Ban iya faɗa da kyau ba. A ofis daga safe zuwa yamma sunana ake kira, kawo shayi, kai takarda. A gida ma haka aka yi ta kirana har na yi aure, can ma haka. A hanya babu mai kiran sunana. Na gaji da mutane, Yaya, ina son in je inda ba kowa, shi ke nan.

Shigeko

Hinokidani, 9 ga Satumba, 1974

Shige,

Muna lafiya, shinkafa ta fara sunkuyawa. Ƙunshi ya iso. Na buɗe na ga yadda kika naɗe su, kowanne da takardarsa da maganin asu. Ke Inna ta bar wa kayan nan, kin taɓa ce mini ko wuta ta tashi su za ki fara ɗauka. Ga gashi kin yanke. Ga bikin magabata kin ƙi zuwa, abin da ba ki taɓa yi ba. Sau biyar na karanta takardarki.

Ki amsa mini ko da layi ɗaya ne. Ki ce mini, Yaya ina nan ƙalau, kuma ina da abin da zan yi a watan Nuwamba. In kina da damuwa ki faɗa, ni ce fa.

Fusae

Hinokidani, 1 ga Oktoba, 1974

Yaya Tadao,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. Yaya jikin Baba? Ina fata sanyin da ya fara bai dame shi ba.

Na yi wa Shigeko alkawari ba zan faɗa maka ba, yau zan karya shi. Ta daɗe tana fita daji ita kaɗai ranar Lahadi. Ranar goma sha biyu ga wata za ta taho nan da ƙafa, ta hanyar da ta bi ta kan gadar nan da ka sani. Ta aiko da kimonon Inna duka. Ta yanke gashinta. Ta rubuta cewa ta gaji da mutane. Na aika mata takarda sati uku ke nan, shiru.

Mai yiwuwa ba komai ba ne, ni ce da tsoro. Amma ba na iya cin abinci. Maigida ya ce zai sa tsoho Genzo ya zauna kan gada ranar kamar mai kamun kifi, ya kuma sanar da 'yan sa-kai su zauna kusa. Ka zo kai ma. In ta iso lafiya sai mu ce ka zo duba shinkafa ne. Don Allah kada ka yi mata faɗa.

Ƙanwarka,
Fusae

Nagoya, 27 ga Oktoba, 1974

Yaya Fusae,

Ina fata an gama girbi lafiya. Ni ina nan da raina, tunda shi ne abin da kowa yake son ji.

Ranar nan ba ki bar ni na yi magana ba. Kina riƙe da hannun rigata kina kuka, Yaya Tadao yana magana, ɗan sanda yana rubutu, ba wanda ya tambaye ni komai. To yanzu ki zauna ki ji.

Takardarki ta Satumba ta iso. Na karanta na yi dariya, na ce Yaya da tsoro, sati huɗu ne za ta gan ni da idonta. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Safiyar ranar ban taɓa ganin irinta ba. Ganye ya fara ja, an rataye shinkafa tana shan iska, wata tsohuwa ta ba ni 'ya'yan itace biyu daga bishiyar ƙofar gidanta ba ta tambaye ni ina mijina ba. Na sha shayina son raina, na ce yau ba namiji a bayana, duk inda na so sai in zagaya. Ashe na manta lokacin girbi ne. Kowace gona da maza, kowane kurmi da masu saran itace. Kanti ɗaya na gani a hanya, maza biyar zaune a bakinsa, suka bi ni da ido tun daga nesa, na kasa buɗe baki in tambayi banɗaki. Ga shi baƙon wata ya zo mini kwana biyu kafin lokacinsa. Awa uku ina tafe a matse, ƙafata ta yi bororo, ina jin abin yana bin cinyata.

Da na kusa gada na hangi wani tsoho a kai da sandar kamun kifi, sai na sauka ta gefe don kada ya gan ni. Akwai babban dutse a tsallake, ruwan wurin bai wuce idon sawu ba. Na cire takalmi don kada ya jiƙe. Na jera su, na naɗe safa na sa ciki, na ɗora jakata a gefe. Yaya, ke ma haka za ki yi. Sau nawa Inna ta make mana hannu don mun watsar da takalmi a bakin ƙofa? Ban ma san na yi ba. Na haye da ɗan ƙunshin ƙyallayena na tsuguna bayan dutse.

Ban gama ba na ji ƙararrawa. Na ce gobara ce a wani gida, har na tausaya musu. Sai na ji gudu, na ji maza suna gangarowa, sai na ji sunana. Maza sun fi ashirin suna kwaɗa kiran sunana a cikin kwazazzabo, ni ina tsugune, wando a gwiwa, ƙyalle mai jini a hannuna. Kin ce me ya sa ban amsa ba. Wace mace ce za ta amsa? Na yi shiru ina cewa yanzu za su wuce. Ba su wuce ba, suka shiga ruwan sanyin nan har ƙugu da gorori. Kowane minti da na ƙara fitowar ta ƙara wuya. Na fi rabin awa a wurin, ƙafafuna sun mutu.

Da na fito wani ya rungumo ni ta baya ya danne hannuwana kamar an kama akuya. Ɗan sanda ya karɓi ƙunshin da ke hannuna, ya ce ko wasiyya ce, ya kwance shi a gabansu duka. Na ga fuskar maigidanki a lokacin. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi.

Ga abin da ba ki sani ba. Ɗan sandan ya buga waya masaƙa. Ranar Litinin shugaban sashe ya kira ni, da murya mai taushi, ya ce in huta, lafiya ta fi aiki, takardar ajiye aiki tana nan an riga an buga, hatimina kawai ake jira. Mai gidan da nake haya ta zo har ɗaki ta durƙusa, ta ce in yi haƙuri, in wani abu ya faru a ɗakin ba mai sake kama shi. Na ce mata fitsari na je yi. Ta ce ta sani, ta sani, tana ja da baya. Yaya Tadao ya janye hatiminsa, ya ce ƙarshen Nuwamba zai zo da mota.

Tambaya ɗaya gare ni. Mutanen ƙauyenku rabona da su tun bikinki. Wa ya gaya musu sunana? Kuma me Yaya yake yi a ɗakinki da kofin shayi a gabansa tun kafin a kawo ni?

Shigeko

Hinokidani, 16 ga Nuwamba, 1974

Shige,

Sanyi ya shigo, an ga dusar ƙanƙara a kan dutse. Ban san ta inda zan fara ba.

Ni ce. Ni na rubuta wa Yaya, ni na sa aka zaunar da tsoho Genzo a kan gada. Kin riga kin sani, so kike in faɗa, to na faɗa.

Amma ke ma ki ji. Kimono, gashi, kin gaji da mutane, sannan shiru wata guda. In ke ce ni me za ki yi? Da na yi shiru kuma abin ya zama gaskiya, maigidana ya taɓa ki da gora kamar waccan, da wane ido zan kalli hoton Inna? Gara ki tsane ni kina da rai. Haka nake gaya wa kaina kullum, wani lokacin in yarda, wani lokacin in kasa.

Kada ki ɗauka ke kaɗai kika sha. Gida ashirin da uku na bi da giyar shinkafa da tawul, ina durƙusawa ina ba da haƙuri an bar girbi saboda mu. Wani a cikinsu sanyin ruwan ya kama masa ƙirji, kwana goma yana kwance, matarsa ta karɓi giyar ba ta ce mini in shigo ba. Surukata ta daina kiran sunana, sai dai "yayar mai kogi". Dangin mijin Mikiko sun aiko a tambaya ko akwai ciwon kai a danginmu. Ba su fasa ba tukuna, yarinyar dai ta rame.

Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, da takardarki ta farko ta zo haushi na ji. Shekara ashirin da huɗu ina gindin dutsen nan, ban taɓa hawa in ga abin da ke bayansa ba. Ke kuma ki zo daga birni da jaka ki wuce ta gefen gonata ki haye shi a rana ɗaya. Ban ce shi ya sa na rubuta wa Yaya ba. Tsoro ne ya sa. Amma na kwana ina tambayar kaina, ban sami amsar da ta wanke ni sarai ba.

Na roƙi Yaya ya bar ki a Nagoya, ya ce ni na kira shi, yanzu kuma in ce me. Na rubuta wa masaƙa, ba su amsa ba.

Ga abin da na iya. Na koma wurin gwaggo, ta ce in mu biyu ne za ta ba mu ɗaki. In an gama bikin Mikiko, kafin dashe, ki zo mu haye tare. Zan riƙe miki jaka in kin zagaya, ke ma ki riƙe mini. Ki amsa, Shige, kada ki sake yi mini shirun nan.

Yayarki,
Fusae

Gidan Baba, 19 ga Janairu, 1975

Yaya Fusae,

Barka da sabuwar shekara. Dusar ƙanƙara ta kai gwiwa a nan. Baba yana cin abinci, ina juya shi sau shida a rana, gyambon bayansa ya fara rufewa. Matar Yaya ta yi kyau, ta sami aiki a kantin gari, watan jiya ma sun tafi shaƙatawa a maɓuɓɓugar ruwan zafi da ƙungiyar mata, kwana biyu. Ga amsa nan, tunda shiruna tsada gare shi.

Na gode da kika faɗi gaskiya. Na gaskata tsoro ne. Wannan ne ma abin da ya fi ci mini rai, da ƙiyayya ce da na san yadda zan yi da ita.

Ba zan zo ba. Wa zai juya Baba? Ko da akwai, ba na son tafiyar da za a ba ni ɗaki don na zo da mai tsarona. Ke ki hau dutsen in kina so, awa uku ne daga ƙofarki, ba kya buƙatata. Bikin Mikiko ma ba zan zo ba, ki ce musu ina jinya, zai fi mata sauƙi in ba su ga fuskata ba.

A nan kowa yana da kirki. Maƙwabta suna yi mini magana a hankali kamar mai zazzaɓi. In na fita sayen awara, kafin in kai kwana wata ta fito da kwandonta, wai ita ma can za ta. In na tsaya kan gadar gari ina kallon ruwa sai in ji an taɓa mini gwiwar hannu. Na yi bayani sau ɗaya, sau biyu, na ga bayanin ma ƙara musu tsoro yake, na bari. An ɗauke wuƙar yankan kifi daga madafa, matar Yaya ce take ba ni in zan yi aiki, ta tsaya har in gama.

Duk wannan zan iya. Amma wani ya gaya wa Baba. Ban san ko wane ne ba, na dai san an gaya masa. Ba ya iya magana, kin sani, hannun hagu kaɗai ke motsi. Tun ranar da na iso, in na zauna kusa da shi sai ya kama bakin rigata. In na yunƙura zan tashi ya ƙara damƙewa, idonsa ya cika da hawaye, sai na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa, "Baba, madafa kawai za ni." Ba ya yarda. Mutumin da ya koya mini sunan kowace bishiya a bayan gidan nan, yanzu gani yake in na fita ƙofa ba zan dawo ba.

Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun. A kan gwiwata nake yi, yana riƙe da hannun rigata na dama tun da na fara.

Shigeko